Gashin da Ba a Ba da Ɗanɗano

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gasa nama a Jidda kafin wani ya taso daga bangon duniya ya ce mini ban iya wuta ba. Sunansa Heber, ɗan ƙasar Uruguwai, ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba sai a bakin masu kallon ƙwallo. Gajere ne kakkaura, furfura ta cinye gashin bakinsa, kullum da fulas maƙale a hammata da ɗan ƙoƙo mai bututun ƙarfe a hannu, yana zuƙar ruwan wani ganye mai ɗaci da suke kira mate. Ni kuwa Kassimu ne, mutumin Damagaram. Duk wanda ya zauna a Karantina ya san teburin tsirena, can kusa da masallacin da 'yan Cadi suka fi cika.

Teburin babu shi yanzu, unguwar ma babu ita. Shekarar da aka yi rusau na tsaya ina kallo katafila ta bi ta kan inda nake hura gawayi, ko minti biyu ba ta ɗauka ba. Jama'a suka watse, kowa ya kama gabansa. Ni da 'yata Safia muka samu ɗan ɗaki a Aziziyya. Ana wata ga wata, kafilina, tsohon da ya riƙe takardata tun gemuna yana baƙi, Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suka rufe harkar gaba ɗaya. A lokacin da nake ba da labari, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, saura mata mako uku ta mutu. In ban samu wanda zai ɗauki kafalata ba, jirgi ne, ni da Safia, domin takardarta a jikin tawa take. Ni ko ba komai ina da kaburburan iyaye a Damagaram. Safia fa, nan aka haife ta, nan aka binne uwarta, Hausarta ma sai ta tallafa mata da Larabci take kai magana ƙarshe. Tsoron nan shi nake kwana da shi, shi nake tashi da shi.

Mai gidan da nake aiki sunansa Turki, yaro ne ɗan ƙasa, bai wuce sa'an ɗan da zan haifa ba. Ya je yawon duniya, ya ci gashin mutanen Heber ya tafi da hankalinsa, ya dawo ya buɗe gidan cin nama a Bagdadiyya. Shi ya ɗauko Heber na wata shida, don ya kafa wutar ya kuma koyar da wanda zai gaje shi. Turki, da ke kirana ammu Gasim, wato baffa Kassimu a bakinsu, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Ya ammu Gasim, wanda Heber ya ce shi ne, shi zan ɗauki kafalarsa. In ya ce ba kai ba ne, halas, shi ke nan, zan kawo wani daga waje. Kada ka ga laifina."

Na ce, "Tal umrak, ranka ya daɗe, ba laifi." Me zan ce?

To, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, ko da gwiwoyin mai rawar sun gaji. Gashinsu asado suke ce masa, kuma ba ruwansa da gawayi. Itace ake ƙonawa a gefe cikin wani kwandon ƙarfe, garwashi ya riƙa zubowa ƙasa, kai kuma ka riƙa janyo shi da dogon ƙarfe kana shimfiɗawa a ƙarƙashin wayar gashi. Harshen wuta ba ya taɓa nama. Ba yaji, ba ƙuli, ba mai, gishiri ne kawai mai manyan ƙwayoyi. Ranar farko na zo da yajina a kwalba, wanda nake dakawa da hannuna. Heber ya buɗe ya shinshina, ya yi atishawa sau huɗu, ya share hawaye ya ce yana da kyau, amma ba a wutarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na haɗiye.

Da Larabcinsa na kasuwa da guntun Faransancina muke fahimtar juna, inda duk suka gaza sai hannu. Sauran abincinsu bai ba ni wuya ba. Akwai wanda suke ce wa cibito, burodi ne da ake cusa wa nama da ƙwai da cuku da ganye har ya yi tsawon da baki ba ya iya kamawa, sai ka danne shi da tafin hannu kamar mai rufe akwatin tafiya. Akwai madarar da ake dafawa da sukari har ta yi ja ta yi kauri, suna shafa ta a kan komai. Ranar da aka ɗan yi yayyafi kuwa, Heber ya bar aiki ya kwaɓa fulawa da kitse ya soya wani fanke mai faɗi da huda a tsakiya, ya ce a ƙasarsu in ruwa ya sauka dole a soya shi. Na ce masa a Jidda kaskon nan zai yi tsatsa yana jira. Wuta ma ban daɗe ba na gane ta. Wanda ya yi shekara talatin yana jin zafi a bayan hannunsa ba sai an ƙirga masa ba. Matsalata hannuna ne.

Mu a wurinmu, wanda duk ya tsaya a gaban wutarka ya yi sallama, sai ka yanko masa ɗanɗano a bakin wuƙa, ka dangwala a yaji ka miƙa. Ya saya ko bai saya ba, wannan tsakaninsa da aljihunsa ne. Haka ubana ya yi a kasuwar Dole, haka na yi a Karantina. Mahaucin da ke barin mutum ya tsaya ya tafi da yawu a baki, ba a ce masa marowaci a gabansa, amma an gama faɗa a bayansa. Shi kuwa Heber dokarsa ɗaya ce: in an ɗora awaza sukutum a waya, wuƙa ba ta taɓa ta sai ta sauka ta huta. Ka yanka tun tana kan wuta, ruwan naman ya tsiyaye cikin garwashi, aikin awa huɗu ya zama kilishin dole.

Gaskiyarsa ce, na gani da idona. Amma hali zanen dutse. Wutar tamu a bayan gidan take, ƙofar baya kuma a buɗe saboda hayaƙi, tana kallon lungu. Sau uku Heber yana kama ni. Na farko direban da ke kawo itace ne, na biyu wani mai shara ɗan Bangaladash. Na uku ban ma san mutumin ba, sallama kawai ya yi, kafin in farga wuƙa ta gama aikinta. A na ukun Heber bai yi faɗa ba. Ya karɓi wuƙar daga hannuna, ya goge, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya yini da ita. Ni da jikokin sa'o'ina ke zuwa makaranta, aka ƙwace mini wuƙa kamar yaro. Daga baya na ji yana gaya wa Turki, a gabana, cewa Kassimu ya fi shi sanin wuta, amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Aka sa ranar Asabar. Turki zai kawo mahaifinsa da baffanninsa cin rana, ni kaɗai zan gasa awazar sa guda, gefe ɗaya cur, daga hura wuta har saukewa. Heber zai zauna ya kalla, ba zai ce uffan ba. In awazar ta isa tebur ba tabon wuƙa, kuma ta yi yadda ake so, takarda ta samu. Jirgin Heber kuwa ranar Laraba ne, matarsa ta gaji da jira.

Ƙarfe tara na hura wuta. Watan Agusta ne, irin ranar da iskar teku ke manne wa mutum a jiki kamar rigar da ba ta bushe ba. Kafin ƙarfe goma zufa ta jiƙa ni har zani. Na barbaɗa gishiri, na ɗora awazar ƙashi a ƙasa, na janyo garwashi kaɗan kaɗan. Heber ya samu akwatin lemo ya zauna a inuwa da ƙoƙonsa. Ya mayar mini da wuƙata da safen nan, ya ajiye ta a kan katako dab da hannuna na dama, da gangan.

Gashin nan ba wuya gare shi ba, tsayuwa ce. Ka tsaya, ka kalla, ka saurari kitse yana ɗiga, ka ƙara garwashi a inda ya yi sanyi, ka janye a inda ya yi yawa. Ba juyi, ba fifita, ba hira da mai saye. Gwiwata ta hagu ta fara ƙorafi tun sha ɗaya. Azahar a nan na yi ta, a kan kwali, hancina yana gadin nama. Bayan na sallame na juya awazar, juyi ɗaya tak da ake yi mata. Gefen ƙashin ya yi ja kamar jan ƙarfe. Na saci kallon Heber, yana kallon cikin ƙoƙonsa.

Saura kamar awa guda a sauke, Turki ya fito da wayarsa yana ɗaukar hoton naman, yana magana da mutanen da ke kallonsa a waya. A daidai nan na ji sallama daga ƙofar lungu, da muryar da ko a kabari na ji zan gane.

"Salamu alaikum, Sarkin Fawan Karantina! Ashe nan aka ɓoye ka."

Abdoulaye ne. Mutumin Tawa, tela, ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Ranar da na sauka Jidda ban san kowa ba, shi ya tsince ni a bakin masallaci, na yi wata takwas ina kwana a ƙarƙashin teburin ɗinkinsa. Shi ya ara mini wayar gashina ta farko. Daga ranar da na kafa tebur har ranar da aka rushe shi, kullum bayan la'asar sai ya zo ya tsaya, ya karɓi ɗanɗanonsa, ya tauna a hankali, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya tafi. Ban tuna ranar da ya taɓa saye ba. Tun rusau ban sa shi a ido ba, an ce ya koma can bayan gari wurin ɗan ƙanensa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, ga sanda da ban san shi da ita ba.

Na ce, "Yaya! Lale, lale. Wa ya nuna maka hanya?"

"Hanci." Ya yi dariya, tari ya katse ta. "Bon, ba zama zan yi ba. Mota na jirana a bakin titi, yaron da ya kawo ni ya ce minti goma, wurin ba a tsayawa. Bankwana na zo yi maka, Kassimu. An buga mini khuruj niha'i. Yau bayan la'asar za mu filin jirgi."

Fita ta ƙarshe ke nan, wadda ba a dawowa. Na ce, "Yau yau?"

"Yau. Ido ya ƙi zare, wa zai riƙe tela makaho? Wala, ka gani dai, shekara arba'in da huɗu, jaka biyu." Ya matso ya tsaya a gaban wayar gashin, daidai inda ya saba tsayawa, gefen damana. Ya leƙa naman. "Kai! Wannan ai sa guda ne. Haka Nasaran ke ci?"

Yana maganar yana gyara sanda zuwa hannun hagu, ya bar na dama a sake. Shi ma bai san ya yi ba, jikinsa ne ya saba.

Hannuna ya kai kan wuƙar. Na ji sanyin ƙotarta a tafina. A ƙarshen awazar akwai wani siririn gefe da ya riga ya nuna, kitsensa ya yi ƙamas, yanka ɗaya ne, ko ƙiftawar ido ba za a yi ba. Na ɗaga kai. Turki ya juyo da wayar kanmu yana murmushi, yana ce wa mutanensa ga ammu Gasim da baƙonsa. Heber ya daina zuƙar ruwansa, idonsa a kan hannuna. Ba ya jin Hausa, abin da ya gani kawai wani tsoho ne ya shigo daga lungu ya tsaya, irin na sau ukun nan.

Safia ce ta faɗo mini a rai, tana tsaye a tashar motar Damagaram da abayarta, ana yi mata magana tana juyowa tana kallona in fassara. Na saki wuƙar.

Na ce, "Yaya, bari in sa a haɗa maka burodi da nama daga ciki. Yanzun nan, ka tafi da shi."

"Ba yunwa ta kawo ni ba."

"Wannan ɗin bai nuna ba. Sai nan da awa guda. Kuma yau gwaji ake yi mini, kan takarda. In wuƙa ta taɓa shi..." Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

Abdoulaye ya dubi Turki, ya dubi Heber, ya dubi wuƙar a kan katako. Idon ya mutu amma hankalin yana nan. Ya mayar da sandar hannun dama.

Ya ce, "Na gane. Wutar ba taka ba ce. Ba komai, ƙanena, ka riƙe takardarka, yarinyar nan ba ta san ko'ina ba sai nan." Ya dafa kafaɗata, hannun ba nauyi. "Ka yafe mini tsiren shekara talatin."

"Ni ne zan ce ka yafe mini, Yaya."

"Na yafe. Allah ya sada mu da alheri."

Ko rakiya ban yi masa ba, domin kitse ya ɗigo ya tayar da harshen wuta a gefe ɗaya, dole na juya na janye garwashin. Da na waiwayo ƙofar ba kowa, sai ƙarar sandarsa a lungu tana nisa.

Sauran awar na yi ta a tsaye kamar turke. Na sauke awazar, na rufe ta ta huta, ni da Turki muka ɗauke ta a kan katako zuwa tebur, ba tabo ko ɗaya. Heber ya karɓi wuƙa ya yanka tsakanin ƙashi da ƙashi, ruwan naman ya kwanta a kan katakon, ƙashin ya zame da kansa. Mahaifin Turki ya ci, ya lumshe ido, ya ce masha Allah. Heber ya ajiye wuƙar ya fara tafi, ya ce a ƙasarsu haka ake yi wa mai gashi, sai an tafa masa. Dattawan nan suka ajiye nama suka tafa mini da hannuwa masu maiƙo. Na tsaya ina murmushin da bai wuce leɓe ba, ba abin da nake so sai wurin zama.

Turki ya biyo ni baya ya ce, "Mabruk, ya ammu. Gobe ka kawo fasfo, naka da na 'yarka."

Na yi godiya, na yi addu'a, na koma wurin wuta na zauna a kan akwatin lemon. Can sai ga Heber. Ya ɗauko dogon ƙarfen jan garwashi ya jingina a jikin gwiwata, ya ce daga yau nawa ne. Sannan ya cika ƙoƙonsa ya miƙo mini, abin da bai taɓa yi ba a wata shida. Na zuƙa. Ɗaci ne zalla.

Ya ce, "Tsohon nan wane ne? Mai bara?"

Na ce, "Yayana ne. Yau zai koma ƙasarmu, ba zai dawo ba."

Ya kalle ni, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Kassimu, me ya hana ka faɗa? Da ni da kaina zan yanka masa."

Ko gaskiya ya faɗa ko daɗin baki ne, Allah masani. Bayan an gama cin abinci kowa mai kyauta ne. Amma gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce ban tambaya ba. Kalma uku ce da Larabci, na san su, tsoro ya hana ni buɗe baki. Na duba agogo, la'asar ta wuce. Ko na naɗe nama na bi shi, ban san ƙofar da zai shiga ba, wayarsa kuma an riga an yanke layin, na gwada sau biyu.

Sai tawa ta yi ƙara. Safia ce. Ban gama cewa an dace ba ta fasa ihu, ta yi guɗa, ta yi kuka, tana alhamdulillah da Larabci tana maimaitawa. Na bar ta ta yi ta ƙoshi. Shekara biyu rabona da in ji dariyar yarinyar nan har cikinta.

Da ta lafa ta ce, "Baba, Baba Abdoulaye ya same ka? Ni na yi masa kwatance, wallahi. Tun jiya yake kira. An dafa masa abinci a gida ya ƙi ci, ya ce yana so abu na ƙarshe da zai sa a baki a Jidda ya zama daga hannunka. Ya samu ya ci?"

Garwashin ya fara yin toka a gabana. Heber yana can yana wanke ƙoƙonsa a famfo.

Na ce, "Ya ci."